Matan gidan zuhudun Buddha: shekara 17 ana karatu, amma har yanzu a sahun baya?

Hafsa (ɗaliba a Indiya):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana tarihin addinai. Wa ya san labarin matan nan 'yan Tibet masu zaman zuhudu na addinin Buddha, waɗanda aka ce sai sun shekara 17 suna karatu, su ƙara 4 suna jarrabawa, sannan a kira su malamai? A hutun da ya wuce ne muka tashi daga nan Punjab ni da 'yan ajinmu muka je Dharamsala, garin kan duwatsu a jihar Himachal Pradesh inda Dalai Lama, jagoran addinin 'yan Tibet, ya zauna bayan ya gudo daga Tibet a 1959. A gangaren garin akwai gidan zuhudu na mata zalla, sunansa Dolma Ling, mata sun haura 200 a ciki. Da yamma muka tarar da su a tsakar gida, kowacce kai a aske ƙwal, da jajayen kaya masu duhu. Sun rabu biyu-biyu, ɗaya a zaune a ƙasa, ɗaya a tsaye a kanta da dogon carbi rataye a hannun hagu. Ta tsayen sai ta jefa tambaya, ta ɗaga hannun dama ta tafa shi kan na hagu da ƙarfi, ta buga ƙafa a ƙasa lokaci guda. Ta zaunen ba ta da damar dogon bayani, ko ta ce ta yarda, ko ta ce hujjar ba ta tsaya ba. In ta yi tufka da warwara kuwa sai a juya bayan hannu a buga kan tafi, sauran su kwashe da dariya. Aka ce mana wannan muƙabala ce ta mantiƙi, kuma kusan kullum haka suke.

Ɗan Maraɗi:
Kai! Ni da na ga wanga abu a bidiyo ca nike rigima ta kaure. Ashe lakwal ce.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, karatun haɗa magani aka tura ki yi ko leƙe-leƙen gidajen gumaka? Mu me ya shafe mu da wannan? Allah Ya riga Ya faɗa mana hukuncin ruhubananci a Suratul Hadid, ƙirƙirarsa suka yi, ba a ɗora musu ba.

Admin:
Baban Yusra, a yi haƙuri. Ƙa'idar zauren nan tun farko ita ce mu san duniya da mutanen cikinta. Ba wanda ya ce a bi addinin kowa. Wancan makon tarihin Habasha muka yi, ba wanda ya fita daga addininsa. Malam Habu, ga taka ta samu.

Malam Habu:
To madalla. Hafsa, abin da kika gani sabo ne ƙwarai, kada ki ɗauka gadon gado ne. A Tibet ta da, irin wannan karatun na maza ne, a manyan gidajen zuhudu uku da ke kewayen Lhasa, babban birnin Tibet: Drepung da Sera da Ganden. Mace mai zuhudu aikinta haddar addu'o'i, maimaita su, da halwa. Da yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa.

Gudun hijira ne ya kawo sauyin. A ƙarshen shekarun 1980 mata 'yan zuhudu sun shiga zanga-zangar ƙin mulkin Sin a Lhasa, aka ɗaure wasu, aka kori wasu daga gidajensu, suka riƙa tsallaka duwatsun Himalaya a ƙafa suna faɗowa Nepal da Indiya. A 1987 aka kafa wani shiri na kula da su, wanda Rinchen Khando Choegyal, matar ƙanin Dalai Lama, ta daɗe tana jagoranta. A farkon 1991 mata 66 suka iso Dharamsala a tare bayan sun shafe shekara 2 a hanya daga gabashin Tibet, ba masauki, ba lafiya. Irin waɗannan ne suka ɗebi yashi da duwatsu da hannunsu wajen ginin Dolma Ling, aka buɗe shi a hukumance a Disambar 2005. Kuma tun farko aka yanke cewa manhajar maza za a koya musu, ba ragi.

Manhajar fanni 5 ce: mantiƙi da hanyoyin kafa hujja, abin da suke kira cikar hikima, falsafar tsaka-tsaki ta wani tsohon malaminsu Nagarjuna, bayanin hankali da halittu, sai dokokin zaman zuhudu. Ana haddace matani, a ji sharhi wurin malami, a fita fili a kare shi da baki. Tun 1995 kuma suke da taron muƙabala na wata guda duk shekara, inda gidajen mata na Indiya da Nepal ke haɗuwa a gwabza. Namijin da ya gama ana ce masa geshe, kusan digirin digirgir ke nan a wurinsu. Mace ta farko da ta samu wannan matsayi Bajamushiya ce, Kelsang Wangmo, a 2011. A 2012 hukumominsu suka amince a buɗe wa mata jarrabawar, ranar 22 ga Disamba 2016 Dalai Lama ya miƙa wa mata 20 takardar geshema, wato geshe ta mata, a Drepung ɗin da 'yan gudun hijira suka sake kafawa a Mundgod, jihar Karnataka ta Indiya.

Ummu Sudais:
Allah gafarta Malam, addinin da ya haura shekara 2,000 sai 2016 ya tuna mata suna da ƙwaƙwalwa? To da can babu su ne a cikin lamarin?

Malam Habu:
Akwai su tun ranar farko, Hajiya, nan ne ma labarin ya yi daɗi. Mahaifiyar Buddha ta rasu yana ɗan kwana 7, ƙanwarta Mahapajapati Gotami ce ta shayar da shi ta raine shi. Littattafansu sun ce ita ta roƙe shi har sau 3 ya bar mata su shiga zuhudu, yana hanawa. Sai ta yanke gashinta, ta sa rawayan kaya, ta bi shi a ƙafa daga Kapilavatthu zuwa Vesali da ayarin mata, ta tsaya a ƙofa ƙafafu a kumbure. Almajirinsa Ananda ya shiga ya tambaye shi kai tsaye: shin mace za ta iya kaiwa ƙololuwar abin da namiji ke kaiwa a wannan hanya? Ya ce za ta iya. Daga nan ya yarda, amma da sharuɗɗa 8. Na farkonsu, macen da ta shekara 100 a zuhudu dole ta miƙe ta rusuna wa namijin da aka naɗa yau ɗin nan. Matan farkon nan sun bar waƙoƙi 73 da ake kira Therigatha, suna cikin tsofaffin adabin mata da duniya ta sani.

Ummu Sudais:
Shekara 100! Tsohuwa mai jika da tattaɓa-kunne ta durƙusa wa yaron jiya. Ai ni nan na tsaya da karatu.

Zainab Kaduna:
Anti, wasu masu bincike na cikinsu ma suna ganin daga baya aka cusa sharuɗɗan nan. Amma ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, na karanta cewa matan Tibet ɗin nan, duk da digirin, ba cikakkun 'yan zuhudu ba ne. Malam, gaskiya ne?

Malam Habu:
Gaskiya ne, Zainabu. Naɗin mataki biyu ne, na share fage da cikakke. Ƙa'idarsu kuma ita ce ba a yi wa mace cikakken naɗi sai an tara cikakkun mata da cikakkun maza a wurin, su ma wasu suka naɗa su, haka har a kai ga Buddha. Kamar silsilar ijaza ce a wurin malamanmu, in ta yanke a tsakiya shi ke nan. A ƙarni na 3 kafin Miladiyya Sanghamitta, 'yar Sarki Ashoka, ta kai naɗin mata Siri Lanka, har da reshen bishiyar da suke girmamawa, wadda take nan a Anuradhapura har yau. A ƙarni na 5 matan Siri Lanka suka shiga jirgin ruwa suka kai shi ƙasar Sin. Wajen ƙarni na 11 yaƙe-yaƙe suka kashe silsilar a Siri Lanka kanta. Maza suka je Bama, wato Myanmar ta yau, suka sabunta tasu, ta mata ba wanda ya bi ta kanta. Ta Sin ce ta rayu, ta bazu Koriya da Biyetnam da Taiwan. Tibet kuwa silsilar ba ta taɓa kafuwa sosai ba. Shi ya sa matar da ta yi shekara da shekaru a Dolma Ling, a kan takarda, 'yar share fage ce.

Injiniya Sabo:
Bari in sa baki, na yi aiki a Tailan kuma na leƙa Myanmar. Abin da Malam ya faɗa da ido ake ganinsa. A Tailan da asuba za ka ga maza masu rawayan kaya a jere ba takalmi, kowa da ƙwaryarsa, mata sun durƙusa bakin ƙofa suna zuba musu dafaffiyar shinkafa. Matan zuhudunsu fararen kaya suke sawa, ana ce musu mae chi, kuma a yawancin wuraren da na gani su ne a kicin, su ne da tsintsiya. A mota akwai kujerun da aka ware wa maza 'yan zuhudu, su kuwa ba su da wannan gatan. A Myanmar kayansu ruwan hoda ne, su ma suna fita, amma ɗanyar shinkafa ake ba su su je su dafa da kansu. Mutane suna ganin ladan ba namiji ya fi yawa, to sadakar can take karkata.

Baban Yusra:
Ashe dai bara ce. Mu a zage mu a kan almajirai, su a ɗauke su hoto a ce al'ada.

Injiniya Sabo:
Yaya, akwai bambanci, kuma ba kare su nake ba. Waɗannan ba sa roƙo da baki, ba sa bin ka, ba sa cewa komai, wucewa kawai suke, wanda ya yi niyya ya fito. Mai bayarwa ne ma yake godiya. Kuma da rana ta take tsaka sun gama cin abinci sai gobe. Kowa ya san inda zai kwana.

Hafsa (ɗaliba a Indiya):
Su na Dolma Ling ma ba sa fita neman abinci ko kaɗan. Suna da shanunsu na madara, suna da ɗakin ɗinki, kuma abin da ya ba ni dariya, awara suke yi! Wallahi awarar waken suya, sai dai ba yaji. Aiki a jere yake, wannan rukuni a kicin, wancan wurin shanu, wancan shara. Tun kafin rana ta fito suna babban ɗakin ibada suna karanta addu'o'insu da murya ɗaya, da ganga da ƙararrawa, sannan hadda, sannan aji. Ban da falsafa ana koya musu harshen Tibet, Turanci da kwamfuta. Wata hanyar samun kuɗinsu kuma, mutanen gari ko na ƙasashen waje su aiko a yi musu addu'a, mara lafiya ko wanda aka yi wa rasuwa, su haɗo da sadaka. Wata da muka ɗan yi hira da ita ta ce wuya ba sanyi ba ce, ba tashin asuba ba ce, wuya ita ce a zaunar da ke gaban mutane a titsiye ki da tambaya ki rasa ta cewa.

Anti Saratu:
Salama gare ku. Ni wannan bai zo min baƙo ba, a hannun sistoci na yi makaranta a kudancin Kaduna. Su ma ba aure, ba dukiyar kai, biyayya ga uwar gida. Amma namu an san su da asibiti da makaranta. Waɗannan fa, bayan tafi da buga ƙafa, me suke tsinana wa talaka?

Malam Habu:
Anti Saratu, tambayarki an riga an yi ta tun 1966, kuma sistocin Katolika 3 ne suka yi ta. Sun ziyarci wata matashiyar 'yar zuhudu a Hualien da ke gabashin Taiwan, sunanta Cheng Yen, suka ce mata koyarwarku ta tausayi da kyau, to ina asibitocinku da makarantunku? Maganar ta tsaya mata a rai. A shekarar ta kafa gidauniyar Tzu Chi da matan aure 30, kowacce aka ba ta asusun gora, kullum kafin ta tafi cefane ta jefa ƙwandala ɗaya ta santi 50. Ita da almajiranta ba sa karɓar sadaka don cikinsu, a lokacin takalman jarirai suke ɗinkawa su sayar. A 1986 suka buɗe babban asibiti a Hualien. Yau suna da jami'a, da tashar talabijin, kuma sun kai agaji Mozambik bayan guguwar Idai ta 2019. A Taiwan mata 'yan zuhudu sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, da yawansu kuma da digirin jami'a suke shiga. Can naɗinsu cikakke ne. Ku haɗa wannan da abin da Injiniya ya gani a kicin ɗin Tailan.

Ɗan Maraɗi:
To ni waɗanda ke burge ni su ne matan zuhudun Katmandu ta Nepal masu wasan kunfu. Bayan girgizar ƙasa ta 2015 su suka riƙa hawa tsaunuka da kayan agaji a baya. Kuma suna tafiyar dubban kilomita bisa keke suna faɗakarwa kan safarar 'yan mata. Mi za ka ce da waɗanga, Baban Yusra?

Baban Yusra:
Zan ce Allah Ya shirye su. Aikin alheri dai alheri ne, ban musa ba. Amma in ana maganar ilimin mata ba sai mun je Himalaya ba. Nana Asma'u ta rasu tun 1864, ta bar 'Yan Taru, jajis ɗinta suna shiga ƙauye-ƙauye da malfa a ka suna karantar da mata. Ba ta aske kai ba, ba ta ƙi aure ba.

Zainab Kaduna:
Wannan gaskiya ne Yaya, kuma abin alfahari ne. Amma tsakani da Allah, mata nawa ne a yau ake bari su zauna shekara 17 a gaban littafi ba a ce sun yi kwantai ba? Ni ba zuhudun nake sha'awa ba, lokacin da suka samu nake kishi. Ƙawayena da muka fara haddar Ajurumiya tare, duk yaye da girki sun cinye karatun.

Ummu Sudais:
Zainabu, kada ki yi saurin kishi. Ni fa ban ga abin murna ba tukuna. An ba ki takarda, amma har yanzu a bayan yaro ɗan shekara 20 kike zama. Wannan ai an ba ka nama an hana ka wuƙa ne.

Malam Habu:
Hajiya, kin taɓo inda ke musu ciwo. Fanni na 5 da na ambata, dokokin zuhudu, a al'adarsu wanda ba shi da cikakken naɗi ba ya karanta cikakken littafinsa. Wannan ne ma ya daɗe yana toshe maganar digirin. Mafitar da aka samu, su karanta ɓangaren da ya halatta gare su a jarraba su a kai. Don haka akwai masu cewa geshema ba ta kai geshe ba. Amma ni ina ganin waɗanda suka fara da ilimi sun yi dabara. A 2007 an yi babban taro a Hamburg ta Jamus a kan naɗin mata, Dalai Lama ya ce yana goyon baya amma ba hukuncin mutum ɗaya ba ne, sai manyan malamai sun haɗu. Da a kan naɗi suka kafe, da har yau suna jira hannu rabbana. Yanzu kuwa wasu daga cikin 'yan 2016 su ne ke koyarwa a ajin da a da sai an ɗauko namiji. Ranar da za a zauna yanke hukuncin, akwai matan da za su iya buɗe littafi su ja da kowa.

Sauran ƙasashe ma ba zaune suke ba. A 1996 aka naɗa matan Siri Lanka 10 a Sarnath ta Indiya ta hannun 'yan Koriya, aka ƙara wani babban naɗi a Bodhgaya, ita ma a Indiya, a 1998. A Tailan akwai umarnin 1928 da ya hana maza naɗa mata, sai wata farfesa a Jami'ar Thammasat, Chatsumarn Kabilsingh, ta ajiye aiki ta tafi Siri Lanka aka yi mata a 2003. Yanzu Dhammananda ake kiranta, gidanta yana Nakhon Pathom, majalisar malaman ƙasar ba ta amince da ita ba har yanzu. A Yunin 2022 kuma shugaban addini na Butan ya naɗa mata sama da 140 a Paro, bisa tsarin da 'yan Tibet suke bi, ba tare da ya jira kowa ba.

Injiniya Sabo:
Malam, a cikin Tibet ɗin fa? Ko duk sun gudo?

Malam Habu:
Ina! Mafi yawa suna can. A Larung Gar, cibiyar da Jigme Phuntsok ya kafa a 1980 a yankin da yanzu ke lardin Sichuan, dubban mata ne ke karatu, kuma tun shekarun 1990 ake ba su matsayin malanta na mazhabarsu, kafin na Indiya ma. Sai dai hukumomin Sin sun rushe gidaje masu yawa a can a 2001, suka sake daga 2016, aka kori mutane da dama.

Anti Saratu:
Abu ɗaya ya rage min. A hotunan da nake gani akwai ƙananan yara mata da askakken kai. Yarinya 'yar shekara 8 ta san me ta zaɓa? Namu sistocin sai sun girma sun yi shekaru ana gwada su.

Hafsa (ɗaliba a Indiya):
Anti, a ƙananan gidajen yankin Ladakh da Spiti da Nepal an fi samun haka. Iyaye talakawa ne a ƙauyen da dusar ƙanƙara ke rufe hanya rabin shekara, gidan zuhudu ne kaɗai wurin da yarinya za ta samu abinci da karatu kyauta. Wasu in sun girma sukan ajiye kayan su yi aure.

Ummu Sudais:
To in ta fita, auren bai yi daɗi ba, tana iya komawa?

Malam Habu:
In 'yar share fage ce, ƙofa a buɗe take. In cikakkiya ce, a tsohuwar dokar ba ta sake samun cikakken naɗi a rayuwarta. Namiji kuwa an ce har sau 7 yana iya fita ya dawo. Dokokin ma ba ɗaya ba ne, a tsarin Siri Lanka da Tailan na maza 227, na mata 311.

Ummu Sudais:
Shi sau 7, ita ko sau ɗaya, kuma da ƙarin doka 84 a kanta. Zainabu, har yanzu kina kishin?

Zainab Kaduna:
Na shekara 17 ɗin dai, Anti. Sauran na bar musu.